Lambobi Shida da Na Ba Baƙo

Tibiri, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Yamai lafiya, Ya tsare motar da kika shiga da direbanta da duk wanda hanya ta haɗa ku. Na ba innarki ita ta sa a ƙasan jakar tufafinki, na ce kada ta gaya miki, sai kin sauka kin huta ki ci karo da ita. Abin da ke ciki ba zan iya faɗar sa ina kallon idonki ba.

Innarki ta yi miki nata faɗan, na sallah da abinci da irin ƙawayen da za ki yi a jami'a. Ni nawa a kan abu ɗaya ne: wayar nan da babban wanku ya aiko miki. Kin tuna shekarar da kike aji ɗaya a lise, babbar sakandaren Dosso, kin zo hutu kin tarar tabarmar ƙofar gida babu kowa? Kin tambayi innarki ina dattawan da ke zama wurina, ta ce miki damina ce, kowa na gona. Ba damina ba ce. Yau zan gaya miki abin da ya kore su.

Shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe da alli, daga Sukukutane zuwa Kiyeshe, na ƙare nan Tibiri. Da na ajiye aiki, babban wanku ya aiko mini babbar waya irin ta shafawa daga Kwatano. Ba a jima ba ƴan ƙauyenmu na wajen Kiyeshe da ke ci-rani a Legas da Kwatano da Abijan, har da na Aljeriya, suka buɗe zauren nan na waya da kuke ce wa gurup, suka ce ni ne shugaba. Ni ke shigar da mutum, ni ke fitar da shi, ni ke goge maganar da ba ta dace ba. In an yi rasuwa ko suna, ko rijiya ta rushe ana neman gudummawa, ni ke naɗar murya in sanar. Mushe suke ce mini, kamar kowane malamin boko. Suna cewa, "In Mushe Arzika ya faɗa, an gama." Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Mutumin da ya bar aji ba ya rasa albashi kaɗai, yana rasa masu saurarensa. Gurup ɗin nan ya mayar mini da aji.

Wata Litinin bayan azahar ina rumfa ina gyaran igiyar guga, waya ta yi ƙara. Namiji ne, murya a natse, Faransanci tsaf kamar na rediyo. Ya kira cikakken sunana, ya ce mini Mushe Direkta. Rabona da jin wannan suna tun ranar da na miƙa mabuɗin lakwal, makarantar da na shugabanta. Ya ce daga ofishin da ke kula da fanshon tsofaffin malamai yake, ana sabunta sunaye, wanda bai sabunta ba kafin ƙarshen wata za a tsayar da nasa. Ya lissafo makarantun da na koyar ɗaya bayan ɗaya, har shekarar da na fara. Na ce a raina wannan ai na gida ne.

Ya ce, "Yanzu lambobi shida za su shigo wayarka. Ka karanta mini su, shi ke nan mun gama."

Innarki na gefe tana tsintar wake. Ba ta jin Faransanci, amma tana jin mutane. Ta ce, "Malam, wa ke nan?"

Na ce, "Ƴan ofis ne."

Ta ce, "To ka bari ka tambayi wani tukuna. Ofis ai ba shi gudu."

Na dafe bakin wayar da hannu na ce mata, "Ni da na karantar da rabin garin ga, ni za ki aika tambaya?"

Saƙon ya shigo. Lambobi shida, ƙarƙashinsu layi guda: kada ka ba kowa wannan lamba. Na gan shi, Balkisa, ba zan ce ban gani ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina buga tebur ina ce wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa, na karanta layin na tsallake shi, na karanta wa baƙon lambobin ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa don kada ya yi kuskure. Ya yi godiya, ya yi mini fatan tsawon rai.

Kafin la'asar manhajar hirar ta rufe a wayata. Na kira lambar mutumin, ba ta shiga.

To ki ji. Lambobin da ke shigowa wayarki mabuɗin ɗakinki ne. Babu ofis, babu banki, babu kamfanin waya, babu malamin jami'a da zai buƙaci ki karanta masa su. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakanki. Kuma kada sanin da ya yi miki ya ruɗe ki. Daga baya na gane inda mutumin ya samo tarihina: ni na ba shi. Ranar da aka yi mini bikin ajiye aiki na ɗauki hoton takardar yabon da aka ba ni, mai ɗauke da sunana da makarantuna da shekaruna, na watsa ta ko'ina don a gani. Sannan ki lura da gaggawa. Mai gaskiya zai ce ki je ki yi shawara. Wanda ya ce yanzu-yanzu, kafin ƙarshen wata, kafin a rufe, shi yana tsoron ki tambayi wani ne. Matambayi ba ya ɓata. Innarki da ba ta taɓa zama aji ba ta fi ni karatu ranar nan.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta miki takarda ba. Wannan tuntuɓe ne, kowa na yi. Abin da na yi bayansa shi ne laifin.

Zuciyata ta gaya mini an cuce ni tun a ranar. Amma ni ne fa mai gargaɗin mutane. Ni ke cewa a gurup, ƴan'uwa ku yi hattara da ƴan damfara. Yaya zan buɗe baki in ce ni aka fara kamawa? Da magariba waya ta fara ƙara, kira daga Legas, kira daga Kwatano. Na dube ta, na kashe ta gaba ɗaya, na sa ta cikin akwatin takarduna. Na ce wa innarki ta lalace. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ina zuwa masallaci ina dawowa, ana gaishe ni ina amsawa. Ina gaya wa kaina wataƙila rezo ne, matsalar layin waya, wataƙila abin ya gyaru da kansa.

Ranar Juma'a na shiga mota na tafi Dutsi, wurin Iliya. Ba ki san shi ba. Ɗalibina ne tun ina Kiyeshe, Kirista ne, ɗan wani mai aikin gini. A lokacin magidanci ne da mata da ƴaƴa uku, yana da rumfar gyaran waya bakin kasuwa. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya karɓi wayar da hannu biyu. Bai yi minti biyar yana dubawa ba ya ɗago kai.

Ya ce, "Mushe, wayarka lahiya lau take. Wani ne ya ɗauke maka hirar zuwa tashi wayar. Ka ba wani lambobi?"

Na kau da kai na dubi bakin rumfa.

Bai sake tambaya ba, don yana jin kunyata. Ya ce, "Ɓarawon ya ƙara nashi makulli, sai an jira kwanaki kahin in iya maido maka. Na fara aikin. Amma Mushe, don Allah, yau ɗin ga ka kira mutanenka ɗaya-ɗaya. Ka sa a faɗi a masallaci. Yanzu haka duk abin da ya rubuta, da sunanka yake hita."

Na ce to. Na ba shi kuɗin aiki ya ƙi karɓa.

Na fito ina ratsa kasuwar dabbobi don in kama hanyar tasha, sai na ji an riƙe mini hannu. Gado ne. Kin san Baba Gado, wanda ke kawo mana gyaɗa duk kaka. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki kafin a kai ni lakwal shi a bar shi gona. Fuskarsa cike da fara'a, igiya biyu naɗe a kafaɗarsa, babu dabba a jikinsu.

Ya ce, "Arzika, Allah shi saka maka da alheri. Abin da ka yi ma Sani, ba ni da bakin godiya."

Sani shi ne ɗansa namiji guda da ya rage a gida. Ban yi wa Sani komai ba. Na san ban yi masa komai ba. Maganar Iliya ba ta ko huce a kunnena ba. Abin da ya kamata in ce kalma biyu ne: wane abu? Amma akwai mutane kewaye da mu, wasu tsofaffin ɗalibaina ne, kuma in na tambaya dole in faɗi sauran. Sai na ji bakina ya ce, "Ba komai, Gado. Ai yi wa kai ne."

Muka yi sallama. Na hau mota na dawo Tibiri.

Ga abin da ya faru cikin kwanakin da wayata ke akwati. Ɓarawon ya tono tsofaffin saƙonnina na murya, ya zaɓi wani da na taɓa yi kan maganar rigakafin dabbobi, inda nake cewa, "Assalamu alaikum ƴan'uwa, ku karanta sanarwar da ke biye da kyau, ni da kaina na tabbatar da ita." Ya sake jefa shi a gurup. A ƙarƙashinsa ya rubuta cewa wani kamfani a wata ƙasar bakin teku na ɗaukar matasa aikin tashar jirgin ruwa, da wurin kwana da abinci, gurabe kaɗan ne, kuma Mushe ya samar wa ƴan ƙauyenmu biyar. Sai a biya kuɗin dosiye, na takardun neman aikin, kafin Juma'a ta wuce. Ya ƙara da cewa kada a kira ni, ina fama da maƙogwaro, a rubuto kawai. Wasu sun kira duk da haka don su tabbatar. Su ne kiran da na kashe wa waya.

Mutane da dama sun tura kuɗi, suka yi asara, suka haƙura. Gado shi shanun nomansa biyu ya sayar a ranar da muka haɗu. Igiyoyinsu ne na gani a kafaɗarsa. Da an karɓi kuɗin an ɓace, da sauƙi. Amma waɗannan ba kuɗi kaɗai suke so ba. Suka turo wa Sani sunan gari da lambar wanda zai tarbe shi a tasha. Ranar Lahadi ya tafi, kwana biyu bayan na ce wa ubansa ba komai.

An tarbe shi kuwa. Aka kai shi wani gida mai doguwar katanga, ya tarar da samari da ƴanmata cike, daga ƙasashe daban-daban, suna kwana a ƙasa. Aka karɓe katinsa na ɗan ƙasa. Babu tashar jirgi, babu aiki. Aikin shi ne a ba ka aron kwat a ɗauke ka hoto gaban motar wani, ka kira danginka ka ce ka samu, su ma su biya su zo. Wanda ya kawo mutum biyu ya ci abinci mai kyau. Wanda ya ƙi, ya ga wulaƙanci. Sani ya kira ɗan ƙanwar uwarsa, yana dariya a waya, ya ce ya taho. Allah Ya sa a lokacin magana ta riga ta fashe, yaron bai tafi ba. Bayan wata huɗu Sani ya samu ya tsallake katanga. Wani direban babbar mota ɗan Gaya ya ɗauko shi, shi ya ba mu wannan labari. Amma da suka iso Gaya, Sani ya ce ba zai iya shiga ƙauye ya dubi garken ubansa babu shanu ba, ya kuma dubi ɗan'uwan da ya so ya jawo. Ya hau wata mota ya yi arewa, wajen masu haƙar zinariya. Sau ɗaya ya kira. Yau shekara biyu ke nan ba a ji muryarsa ba.

Gado da hauya ya yi noman shekarar nan, shi da matarsa. Da na je ƙauye na same shi, na gaya masa komai, har da abin da na sani ranar da ya riƙe mini hannu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Arzika, da ka ce mini 'wane abu?' Kuɗin na cikin aljihuna lokacin. Ban tura ba tukuna."

Har yanzu yana aiko gyaɗa duk kaka. Ba na iya cin ta.

Ɗiyata, in an cuce ki, ki yi kururuwa tun a sa'ar farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɓarawon waya ba wayonsa ne ke ciyar da shi ba, kunyarmu ce. Ya san malami ba zai faɗa ba, alhaji ba zai faɗa ba, budurwa ba za ta faɗa ba, shi kuma cikin wannan shiru yake girbi. In kin ba da lamba, in kin tura kuɗi, in kin aika wani abu da bai kamata ki aika ba ana kuma yi miki barazana da shi, ki faɗa. Ki kira innarki, ki kira wanki, ki je wurin hukuma da wayar a hannunki ba ki goge komai ba. Kada ki biya mai barazana, don wanda ya ci sau ɗaya zai dawo. Ni na yi miki alkawari tun yanzu, babu abin da za ki gaya mini da zai sa in ɗaga miki murya. Ba ni da wannan bakin. Kuma duk aikin da aka ce ki biya kafin a ɗauke ki, duk bursi na tallafin karatu da aka ce ki tura kuɗin dosiye ta waya, duk ɗakin haya da aka ce ki kama da hoto kafin ki taka ƙafa ki gani, ki bar shi ko da sunan wa ya zo.

Saura kuskurena na uku, shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa.

Da magana ta fashe, mutane suka cika ƙofar gidan nan. Waɗanda suka yi asara, da dangin waɗanda ke waje. Wani saurayi ɗan kasuwa, mai zafin kai, ya ce, "Mushe, mutum kamarka ba a yi mishi haka da sauƙi. Wa ya taɓa wayarka?"

Na ce, "Na dai kai ta gyara Dutsi."

Ban yi ƙarya ba, amma ban ce ranar Litinin aka sace, ranar Juma'a na kai gyara ba. Na ga yadda fuskoki suka sauya, na ga nauyin yana sauka daga kaina yana komawa kan wani, na ji sanyi a raina, na bar su da zatonsu. Bayan kwana biyu Iliya ya kira ni da murna ya ce an dace, hirar ta dawo. Ya bi da ni a waya mataki-mataki har ta buɗe, ya koya mini sa makulli na biyu. Da wannan hirar da ya maido mini na yi abin da na yi. Saƙonni sun fi ɗari, wasu na zagi, wasu na kuka. Sai na jefa hoton rumfarsa, wanda wani ya turo mini, na rubuta a ƙasa: ƴan'uwa a yi hattara da inda ake kai waya gyara. Ban ambaci sunansa ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina. Amma sunansa na rubuce a allon rumfar, shi kuma yana zaune a ciki.

Kafin kwana uku hoton ya bar gurup ɗinmu. Ya dawo mini daga wani gurup na Dutsi da ƙarin cewa yana kwashe hotunan matan aure. Ya dawo daga na Dosso da ƙarin cewa shi ke sayar da yara ƙasashen waje. Wani ya sa maganar addininsa a ciki, abin da ko a mafarki ban nufa ba. Wata ranar kasuwa samari suka rushe rumfar, suka farfasa wayoyin mutane da ke hannunsa, suka fasa masa goshi. Jandarmomi suka ɗauke shi don su cece shi, sannan suka kira ni.

A can na faɗi gaskiya duka, don an sa ni gaban takarda da ranaku. Ajidan ɗin, jandarman da ya saurare ni, mutum ne mai haƙuri. Da ya gama rubutu na ce masa, "To yanzu ku kama ɓarawon. Ku sa a goge hoton nan ko'ina. Wane ne shugaban intanet ɗin, a kai masa ƙara?"

Ya ajiye biro ya ce, "Baba, ba ta da sarki. Kamfanin waya shi ke ba ka hanya. Hanyar ta bi ta ƙasashen maƙwabta ta shiga teku. Masu manhajar da kake hira da ita suna wata nahiya, da dokarsu. Akwai masu tsara sunaye da adireshi don kowa ya samu kowa, amma ba su duba gaskiyar abin da aka rubuta. Mu muna da doka, muna kama wanda ke ƙasarmu in an gano shi. In yana waje sai mu rubuta mu jira."

Na ce, "Lambar da ta kira ni fa? Ai da katin ɗan ƙasa ake sayen layi."

Ya ce, "Mun duba. Da katin wata tsohuwa aka yi rajistar sa, ba ta ma san an yi ba. Wani ya samu hoton katinta." Sannan ya dube ni ya ce, "Hoton kuwa, Baba, yana cikin wayar duk wanda ya karɓa. Ba mai iya shiga ya kwaso. Kuma dokar da ke neman ɓarawonka ta hana ɓata sunan mutum ta waya. In wannan bawan Allah ya kai ƙara, kai za mu riƙe."

Iliya bai kai ƙara ba. Na naɗi murya na faɗi gaskiya tun daga Litinin ɗin, na wanke shi, na roƙi duk wanda ya tura hoton ya tura wannan ma. Hoton ya kai Dosso cikin kwana uku. Neman gafarar ko gurup ɗinmu bai fita ba. Bayansa ne tabarmar ƙofar gida ta zama wayam.

Na je gidansa a Dutsi. Na tarar suna ɗaure kaya, za su koma wurin dangin matarsa. Matar ta gan ni ta shige ɗaki. Shi ya fito da tabo a goshi, ya shimfiɗa mini tabarma, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba tun yana aji uku. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na yahe, Mushe. Kai ka koya mini rubuta sunana. Amma jiya ɗiyata ta dawo lakwal tana kuka, an ce mata ubanta ɓarawon yara ne. Ita mi zan ce mata?"



Saboda haka, Balkisa, kafin yatsanki ya tura hoton wani, ko labarin wani, ki tambayi kanki ko za ki iya tsayawa tsakiyar kasuwa ki faɗe shi da bakinki, mutumin na tsaye gabanki. In ba za ki iya ba, ki bar shi ya mutu a wayarki. "Haka aka turo mini" ba hujja ba ce gaban hukuma, balle gaban Allah. Kuma in kin ji zafin an cuce ki, wannan ne lokacin da ya fi kamata ki ajiye wayar, don mai jin zafi neman wanda zai ɗora wa yake, mafi kusa kuma shi ne mafi sauƙi.

Akwai wani abu da ya shafe ki kai tsaye. Bana da kika ci bak, jarrabawar gama lise, murna ta ɗebe ni. Duk da abin da na gani, na ɗauki hoton takardar sakamakonki na tura wa mutum uku ko huɗu na jiki. Kwana biyu bayan haka na gan ta a wayar wani da ban tura wa ba. Sunanki na ciki, da ranar haihuwarki, da garinmu, da sunana. Ko na kira ta ba ta dawowa. Don haka in wani ya kira ki a Yamai ya san duk wannan, ya ce daga ofishin bursi yake ko daga jami'a, kada ki ce na gida ne. Ubanki ne ya ba shi. Ki yafe mini wannan. Ki ce masa za ki zo ofis da ƙafarki, sannan ki kashe. Ki sa makulli na biyu a hirarki tun yau, lambar kada ta zama shekarar haihuwarki. Katinki na ɗan ƙasa kada ki tura hotonsa ga wanda ba ki ga ofishinsa ba, kada ki bar wani ya sayi layi da shi ko da ƙawa ce.

Abu na ƙarshe, ina so ki riƙe shi ko kin manta sauran. Wata rana saƙo zai iya zuwa miki da sunana, da hotona, har da muryata. An ce yanzu suna da na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Zai ce ina asibiti, ko innarki ta faɗi, ki tura abin da ke hannunki maza. Kada ki yarda. Ki kira ni kai tsaye. In ban ɗauka ba ki kira innarki, in ba ta ɗauka ba ki kira liman na unguwarmu ya tako ya duba. In kuwa gaskiya ne ina kwance, jinkirin sa'a guda ba shi zai kashe ni ba, kwana ne in ya ƙare. Ba zan taɓa cewa kin yi rashin ladabi don kin yi shakkar maganata ba. Na tarbiyyantar da ku a kan in uba ya faɗa an gama. A wannan wuri guda na janye.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Ƙannenki na gaishe ki. Ki gaida gwaggonki ta Yamai da mutanen gidanta, ki yi musu biyayya.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga sharrin wanda kike gani da wanda ba ki gani, Ya tsare mutane daga sharrin hannunki. Allah Ya ba ki abin da kika je nema, Ya maido ki gida da mutuncinki. In kin ɗaga hannu bayan sallah, ki sa Sani ɗan Baba Gado a ciki, Allah Ya bayyana shi ko yana ina. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Arzika.